Poliyuriya a kan dal ɗina: wani waje danƙo, wani waje sakaina, mi ya kawo haka?

Ɗan Garin Malam

Salamu alaikum jama'a, ina kwananku ina gajiya. Don Allah masu ilimin shimi da masu aikin etanshite ku ba ni haske don kaina ya kulle. Dal ɗin gidana, wato rufin siminti, shekara uku kenan duk damina sai ya zuba, mun sa gudron mun sa siminti mai magani duk a banza, sai wani abokina ya ce ai yanzu akwai abin da ake fesawa sunansa poliyuriya, irin wanda ake sa wa tankuna da bayan mota, wai cikin minti guda ya bushe har ka taka. Na samu masu yi, suka zo da injinsu da gurup mai ba da kuran da tano biyu cikin watan Janairu lokacin hunturu na busawa sosai, suka fara tun da sassafe kafin la'asar sun gama metir kare 60, na biya muka rabu lafiya.

Yanzu wata huɗu kenan. Gefen gabas inda suka fara ya yi tauri ƙam, in ka ɓanɓaro ka lanƙwasa sai ya karye kamar sakaina, kuma ya tsage daidai inda simintin ke da tsaga a da. Tsakiya kuwa lafiya lau, na yanko ɗan guntu na ja shi yana miƙewa kamar robar tayar keke ya koma. Can wajen matakala inda suka ƙarasa har yau danƙo gare shi, ƙura duk ta manne, takalmi na kamawa. Kuma launin toka da aka fesa ya koma wani rawaya-rawaya. Na kira mai aikin ya ce wai ranar Damagaram ce ta yi yawa. To ni dai na san rana guda ce ke dukan dal ɗin nan gabas da yamma, ƙaƙa za a yi abu guda daga tanon nan biyu dai ya fito hali uku? Kuma da niyyata in sa a fesa min cikin basan ɗin ruwa, kun san halin ruwa a garin nan, in pampo ya kawo sai ka tara na kwanaki.

Tsohon Maso

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni shekarata talatin da wani abu ina zuba dal, abin da na sani shi ne in ba a ba rufi gangare ba ruwa ya samu wurin kwana, ko mi ka shafa sai ya ci shi. Ku yaran yanzu kowane fenti aka kawo da sunan turawa sai ku ruga. Amma dai maganarka gaskiya ce, rana ba ta zaɓen kusurwa. Bari masu boko su zo.

Malamin Shimi

Alhaji sannu da haƙuri. Baba Maso ka yi gaskiya kan gangare, amma wannan abin ba fenti ba ne, kuma nan ne duk rikicin yake. Fenti a masana'anta aka gama shi, kai naka shafawa ne ya bushe. Poliyuriya kuwa ba ta cikin ko wane tano daga cikin biyun nan, a bakin pistole, wato bindigar feshin, ake ƙera ta, a kan dal ɗinka, cikin daƙiƙa kaɗan. Wato ranar nan gidanka ne masana'antar, mai feshin nan shi ne mai haɗin, ya sani ko bai sani ba.

Tano na farko da ake ce wa A wani sinadari ne mai suna izosiyanat, galibi irin da ake kira MDI. Na biyu wato B wani sinadarin ne mai suna amin. In suka gamu sai su ƙulla wani gaɓa da ake kira yuriya, dangin takin yuriya ɗin nan da muke zuba wa gero da masara, irin gaɓar ce dai amma an jera ta dubbai cikin doguwar sarƙa, shi ya sa sunan poliyuriya. In maimakon amin aka sa wani sinadarin mai suna poliyol to poliyuretan za a samu, irin katifar soso, wanda Otto Bayer ya gano a Jamus a 1937. Ita ta feshin nan sai ƙarshen shekarun 1980 aka fito da ita a Amurka, a kamfanin Texaco. Amin na da gaggawa ƙwarai, ba ya jiran wani maganin tunzurawa, yana taɓa izosiyanat ya kama, shi ya sa ba a iya dama ta a bokiti da sanda, kafin ka juya sau biyu ta daskare.

To ga inda hali ke fitowa. Cikin tano B amin iri biyu ne aka gauraya. Akwai dogo mai laushi, misali Jeffamine D-2000, lambar nan 2000 nauyin ƙwayarsa ce, ka ɗauke shi kamar dogon zare mai lanƙwasa. Akwai kuma gajere mai tauri irin su DETDA, nauyinsa 178 kawai. In gajeren ya haɗu da MDI sai su yi guntu mai tsauri, kuma guntayen nan ba sa son zama cikin zaren, sai su nemi juna su dunƙule wuri guda su riƙe juna da ɗaurin haidurojin, yuriya ma hannu biyu take riƙo da shi shi ya sa ta fi poliyuretan kamawa. Ka tuna ragar da ake ɗaure kaya da ita, zare da ƙulli. Zaren shi ke miƙewa, ƙullin shi ke hana ta warwarewa. Ƙulli ya yi yawa zare ya gajarta, raga ta zama faranti, ba miƙewa sai karyewa. Ƙulli ya yi kaɗan, ka ja ta tafi ba ta dawowa. Zaren nan ba ya sandarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 50 ƙasa da sifili, ƙullin kuma ba ya sakewa ko zafi ya wuce digiri 100, saboda haka batun wai rana ce ta sa ta danƙo ni ban karɓa ba sam.

Masu haɗawa da wannan suke wasa. Suna so ta bayan mota mai tauri da jure gogayya, sai su ƙara gajeren amin da ƙarfin izosiyanat. Suna so ta rufi mai bin tsagar siminti, sai su ƙara dogon. Ko tano A ma ba MDI tsantsa ba ne, shi tsantsar kashi 33 da ɗoriya cikin ɗari na jikinsa ne bakin da ke kamawa, kuma daskararre ne sai wajen digiri 40 yake narkewa (a nan garin watan Afrilu da kansa zai narke, hhh), sai a fara haɗa shi da wani dogon zare a sauko da ƙarfin zuwa wajen kashi 15, don ya zama ruwa kuma awo ya zo daidai lita guda na A lita guda na B. An lissafa ne bakin izosiyanat ya ɗan fi na amin da kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ba fiye ba. In awon nan ya karkace a bakin pistole, sunan dai poliyuriya amma abin da ya sauka a dal wani abu ne dabam. Ni zatona naka sau biyu ya karkace, da safe ta wani gefe da yamma ta ɗayan, amma masu riƙe pistole su suka fi ni sanin ta yaya.

Mai Pistole

Malam ka gama magana wlh, ni ban yi lakol mai zurfi ba amma na yi shekaru ina wannan feshin a shantiye kuma abin da ka faɗa shi muke gani da ido. Alhaji ina da tambaya uku, gurup ɗin da suka zo da shi babba ne ko irin na shago, ka ga suna juya tano B da abin damawa kafin su fara, kuma tanon a ina suka kwana?

Dalilin tambaya, injin nan sai ya dafa A da B su kai digiri 65 zuwa 75 haka, tiyo ɗin ma kansa akwai hita a jikinsa har bakin pistole, sannan ya tura su da matsi wajen bar 150 zuwa 200 su yi karo da juna cikin wani ɗan rami da bai kai kan ashana ba, karon nan shi ne kaɗai damawar ba wata. In ruwan ya yi sanyi kauri gare shi kamar zuma a hunturu, ba ya tarwatsewa balle ya gauraya, kuma in B ya fi kauri famfonsa bai cika ba sai A ya rinjaya, abin da ke fita sai ya yi tauri da gautsi yana karyewa, wani lokaci har da ƙuraje. Wannan shi ne gabas ɗinka, ka ce da sassafe cikin Janairu, tano ya sha sanyin dare, in gurup ƙarami ne hita ba za ta kai ba sai rana ta ɗaga ta taimaka, shi ya sa tsakiya ya yi kyau. Na wajen matakala kuwa A ne ya gaza, ko tano ya kusa ƙarewa famfo na shan iska, ko matacin A ya toshe, don izosiyanat in ya sha iska mai laima yana yin ɓawo da tsakuwa-tsakuwa ya cushe mataci. A ya yi kaɗan, amin ya rasa abokin kamawa, sai ya zauna haka nan danƙo, kuma kar wanda ya ruɗe ka wai zai bushe nan gaba, ko shekara goma ya yi haka zai zauna.

Akwai agogon matsi biyu a jikin injin, na A da na B, mai feshin kirki idonsa na kansu kullum, in ɗaya ya gudu ya bar ɗaya sai a tsaya a duba. Mu kafin mu taɓa rufin mutum sai mun fesa a kan leda ko kwali mun ɓare mun ja da hannu mun gani.

Ɗan Garin Malam

Ikon Allah. Malam na gode, Mai Pistole kamar kana wurin. Gurup ɗin sau biyu yana mutuwa da safe har suka cire wani waya suka ce wai yana jan kuran da yawa, yanzu na gane ƙila na hitar tiyo ne. Tanon a waje suka kwana cikin mota. Damawa kuwa ban gani ba, mirgina shi kawai yaran suka yi a ƙasa. Da yamma kuma na ga sun karkata tano guda sun sa dutse a ƙarƙashi. To yanzu a sake fesa wani a kai ya rufe ko ƙaƙa? Kuma rawayan fa, shi ma awon ne?

Injiniya Ƴar Birni

Yaya Alhaji sannu, Allah ya mayar da alheri. Rawayan dai ba laifin awo ba ne, kuma a nan kaɗai mai aikinka ya yi gaskiya rabi. MDI na cikin dangin da ke da zoben benzen a jikinsu, hasken rana na canza musu launi, ko an fesa daidai sai ta yi rawaya ko ta dushe ta yi gari-gari a sama, amma fatar sama ce kawai, ƙarfin na ciki na nan, shi ya sa tsakiyar dal ɗinka ta canza launi amma tana miƙewa. Akwai dangin da ba su da zoben, irin su IPDI da HDI, su ba sa rawaya amma sun fi tsada sosai, abin da aka saba yi shi ne a fesa mai arha da kauri sannan a bi ta da siririn shafi na marar zoben, ko wanda ake kira poliyaspartik da ake iya shafawa da rola don shi an rage masa gaggawa. Ga rufi a garin nan fari ya fi, ɗaki ma ya fi sanyi.

Kar ka bari a fesa sabo a kan lalatacce. Mai danƙon a kankare shi tas har siminti, mai gautsin ma haka, sabon zai kama su ne su kuma ba su kama komai ba. Inda sabo zai hau kan mai kyau na tsakiya sai an goge bakin da takardar yashi an sa share fage na musamman, wato shafin farko da ke sa feshin ya kama, don bayan wasu awoyi da feshi fatarta na rufewa ba ta karɓar wani a kai haka nan. Kuma ka tambaye su ko sun sa wa simintin share fage tun farko, don gaggawar nan da ake yabo ita ce kuma aibinta, abin da ya daskare cikin daƙiƙa biyar zuwa goma bai samu lokacin shiga ƙofofin siminti ya riƙe ba. Siminti ya kwana 28 aƙalla, laimarsa kar ta wuce kashi 4 cikin ɗari, a share ƙurar hunturu tas, in ba haka ba ko haɗin ya yi daidai sai ta ɗaye kamar fatar da aka jeme.

Wani abu da ban ji an taɓo ba, ba duk abin da aka rubuta wa poliyuriya ne tsantsa ba. Akwai gauraye, an zuba poliyol cikin B don ya yi arha, shi wannan rabinsa poliyuretan ne, yana da jinkiri, kuma jinkirin ke ba ruwa dama ya riga shi kama izosiyanat, in ruwa ya kama kuwa iskar kabon ke fita ta yi kumfa da ƙananan huji. A hunturu da iska ta bushe ƙila ka tsira, a watan Agusta ba ka tsira. Ka nemi fish teknik na abin da aka fesa maka, wato takardar bayaninsa daga kamfani. Ta rufi mai kyau za ka ga an rubuta tana miƙewa kashi 300 zuwa 500 cikin ɗari kafin ta tsinke, ƙarfin ja wajen megapaskal 15 zuwa 25. Kuma ka yi wannan lissafin da kanka, tunda ba ta da abin da ke tashi ya bi iska, lita guda a metir kare guda na ba da kaurin milimita guda, rufi ana so wajen milimita 2, kenan naka 60 na cin lita 120 ko fiye, A da B a haɗe. In ta yi siriri ko da haɗin ya yi kyau ba ta iya haye tsaga, dal na buɗewa da rana ya tsuke da dare.

Basan kuwa yaya ka dakata. Ruwan sha sai wadda ke da takardar shaida ta ruwan sha, ta Faransa ACS ake ce mata ta Amurka NSF 61, kuma ko mai takardar ce in awo ya karkace irin na wajen matakalarka, amin ɗin da bai kama ba cikin ruwan iyalinka zai sauka. Waɗanda suka cire wayar hita don gurup ya tashi ni ba zan ba su basan ba.

Malamin Shimi

Injiniya Allah ya ƙara basira, kin cike abin da na bari. In ƙara ɗan abu don ɗalibai da ke karantawa. A labo in ana son a ga tasirin tsawon zaren nan ƙuru-ƙuru, akwai wani amin mai jinkiri da ake iya damawa da hannu a zuba a faranti, Versalink, yana zuwa da lamba 1000 da 650 da 250. Izosiyanat guda, hanya guda, lambar kawai za ka canza, ta 1000 ta fito roba mai laushi, ta 650 ta fi ta tsauri, ta 250 kuwa kamar filastik mai tauri, don in zare ya gajarta ƙullin ba ya iya warewa gefe, sai ya cakuɗe da zaren duk su sandare tare. Har siffar izosiyanat na da tasiri, miƙaƙƙe mai kai biyu iri ɗaya ya fi jeruwa da ɗan uwansa kamar tubali, karkatacce ba ya jeruwa da kyau, ƙullinsa ya fi rauni amma ya fi jinkiri ya ba ruwan lokaci ya kwanta sumul. Kuma ta 1000 ɗin nan ce sojojin ruwan Amurka suka yi ta bincike a kai, don in ka ja ta a hankali roba ce, in abu ya buge ta da gudun fashewar bam sai ta yi tauri nan take ta shanye bugun, har ana fesa irinta a bango don kar tubali ya tarwatse ya ji wa mutane.

Alhaji in za a sake aikin ka kau da yara da iyali daga gidan ranar, hazon izosiyanat na kama huhu ya bar mutum da asma, masu feshin ma takunkumin tsumma ba ya yi musu komai.

Mai Pistole

Wannan gaskiya ne Malam, akwai abokin aikinmu da ya bar sana'ar saboda ƙirji. Alhaji in sun dawo ka ce tanon su kwana cikin ɗaki, a dama B da injin damawa har launin da ya kwanta a gindi ya tashi, su zo da gurup da zai ɗauki hita duka, kuma su fesa gwaji a leda gabanka da safe da rana da yamma, ka rubuta lokaci a bayan kowane ka ajiye. Kar ka ja da ƙarfi nan take ka ce ta yi rauni, tana taɓuwa cikin minti amma ƙarfinta na gaske sai ta kwana, wata ma sai mako.

Tsohon Maso

To na ji, na kuma ƙaru, ashe abin girki ne ba shafi ba. Amma Alhaji tunda za a kankare gabas ɗin, ka bari in zo in duba gangaren kafin su fesa, in ruwa na kwana wurin mu gyara da siminti tukuna, kuma kun ji ɗiyata Injiniya ta ce sai ya kwana 28, ga Mayu ta kama, in za a yi a yi yanzu kafin hadari ya fara haɗowa.

Ɗan Garin Malam

Baba Maso ina jiranka gobe bayan azahar in Allah ya kai mu. Na hau yanzu na yanko guntu uku na sa a leda dabam-dabam, na auna na tsakiyar da abin awon makanikin unguwarmu milimita ɗaya da ɗan kai ne kawai, ko biyun bai kai ba. Na aika wa mai aikin hoto na ce ya turo min fish teknik da yawan litar da ya fesa, ya karanta bai ba da amsa ba tukuna. Injiniya in ya turo zan sa miki nan ki duba min ko tsantsa ce ko gauraye, basan kuma na fasa sai na ga yadda rufin ya ƙare.